Almajirancin Mai Zanen Fuska

Ƙannena, samari da ƴanmata na Gidan Amumune da sauran garuruwan Mayahi da Tasawa, da wuya ka shiga aji a makarantar boko ka rasa yaro ɗaya da ake kira mai zane. Shi malam ke tasowa ya zana taswirar Nijar a allo, shi ƴan aji ke roƙo ya zana musu furen wake ko ƙashin kifi ranar darasin kimiyya, bayan littafinsa kuwa cike yake da kawunan ƴan kokowa da ƴan ƙwallo. Da irin waɗannan yara nake magana. Yawancinku a nan hannun ke tsayawa: biro, fensir, sai yabon abokai. Kaɗan ne ke kai wa ga rubuta allon shagon aski ko yi wa bayan babbar mota ado. Amma akwai wanda ransa ke son ya zana fuskar mutum da fentin mai, har wanda ya san mutumin ya duba ya ce wallahi shi ne, sai dai ya rasa mai koya masa, domin malamin wannan sana'a ba a kowane gari ake samunsa ba.

Shawarar da zan ba ka (zan riƙa cewa "ka", amma ke ma ƙanwata da ke nake) ita ce ka nemi malaminka cikin gwanayen da suka daɗe da barin duniya. Ka zaɓi hoto ɗaya na ɗayansu, ka kafa shi gabanka, ka yi ta kwaikwayonsa har ka gane abin da ya fara shafa wa yadin, da abin da ya bari sai ƙarshe, da abin da ya gani sarai amma ya ƙi zanawa. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuyar koyo.

Na san ranka zai ce ai wannan satar aikin wani ne, tunda a makaranta an saba maka da cewa mai leƙen takardar ɗan'uwansa bulala ce rabonsa. To ka tuna yadda aka fara maka karatun allo. Malam ne ya rubuta, kai ka bi sawun alƙalaminsa, ka wanke, a sake rubutawa, ka sake bi. Shekaru ake ɗauka a haka kafin almajiri ya iya rubuta satu da kansa, balle ya rubuta Alƙur'ani sukutum ya yi masa zayyana. Ba wanda ya taɓa kiran gardi ɓarawo don baƙaƙensa sun yi kama da na malaminsa.

A Turai ma, inda zanen fentin mai ya bunƙasa, haka aka koye shi. Da aka buɗe gidan tarihi na Louvre a birnin Paris a 1793, an ba masu koyon zane damar shiga da kayan aikinsu su zauna gaban tsofaffin hotuna suna kwafa, kuma har yau ana ba da wannan izini. Manet da Degas, waɗanda daga baya suka sauya wa zanen Faransa alƙibla, duk sun yi wannan zama. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Rubens. A 1628 ya je Madrid da aikin jakadanci, ya haura shekara hamsin, sarakunan Turai na layin jiran aikinsa, amma da ya ga zane-zanen Titian a fadar sarkin Sifen sai ya zauna yana kwafarsu ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da duniya ta yarda ya iya bai ji kunyar komawa ɗalibi ba.

Kusa da gida akwai Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, wanda ake ɗauka a matsayin uban zanen zamani a Nijeriya. Bai da malami, bai da gidan tarihi. Hotunan da ke cikin mujallu da littattafan Turawa ya riƙa kwafa har hannunsa ya faɗa, ya fara zana manyan mutanen Legas, a zamanin da Turawan mulki da yawa ke ganin baƙin mutum ba zai iya irin wannan zane ba. Sai a 1920, yana dab da shekara arba'in, ya samu zuwa makarantar zane a Landan, ya ƙara da Paris, ya dawo a 1922 ya shiga koyarwa a makarantun Legas. Abin da Onabolu ya samu na kwafa hotuna ne dishi-dishi na bugun wancan zamani. Kai da wayar salula a aljihu ka fi shi kayan karatu nesa ba kusa ba.

Kafin mu je ga burushi, akwai tambayar da za a yi maka a gida, gara ka shirya mata. Za a ce maka zanen mai rai haramun ne. Kada ka yi wa mai faɗin haka kallon wanda bai waye ba, domin akwai hadisai ingantattu cikin Buhari da Muslim masu tsoratarwa ƙwarai a kan masu yin surori. Malaman Malikiyya, mazhabar da akasarinmu muke bi, sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa, cikakken halitta, wanda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko yadi ko bango, wanda da yawansu suka tsaya a kan makaruhi ne. Wasu malamai kuma, na da da na yanzu, sun haramta zanen duk wani mai rai ko yaya aka yi shi. A tarihi an ga sarakunan Musulmi sun zauna an zana su, kamar Sultan Muhammad na Biyu, wanda ya ci Istambul, da Gentile Bellini na Banis ya zana a 1480. Kuma duk wanda ya zaga Kano ya ga hoton Shehu Ibrahim Inyass a bango da jikin mota. Amma tarihi ba fatawa ba ne, ni ma ba mai fatawa ba ne. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa ka tambaya, ka kuma saurari mahaifanka. Idan suka ce a'a, ba a rufe maka ƙofa ba: duk abin da zan faɗa a nan game da haske da inuwa da haɗa launi yana aiki a kan gawo da rumbu da tulu da ganuwar gari, kuma tsofaffin gwanaye sun bar irin waɗannan hotuna masu yawa da za ka kwafa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka riƙa yi a ɓoye kana yi wa iyayenka ƙarya.

To, wa za ka kwafa? Wani mai zane ɗan Italiya, Cennino Cennini, ya rubuta littafin koyar da sana'ar wajen shekara ta 1400, ya ba almajirai shawarar su nemi gwani mafi ƙwarewa su lizimce shi shi kaɗai, domin mai bin wannan yau ya bi wancan gobe ba zai samu hannun ko ɗaya ba. Shawarar ta fi amfani yau da hotuna dubbai ke wucewa ta ƙarƙashin babban yatsanka. Ni kuma zan ƙara da cewa ka bar Mona Lisa ta huta. Kowane sabon mai zane kanta yake faɗawa, alhali launinta na ƙarƙashin tsohon man ƙyalli da ya yi rawaya, kuma fatarta ba irin wadda kake gani kullum ba ce. Ka zaɓi fuska irin ta mutanenka, don idan ka yi shakkar wani launi ka ɗaga kai ka dubi wanka ko maƙwabcinka ka gwada.

Na farko da zan nuna maka shi ne hoton Juan de Pareja, wanda Diego Velazquez ya zana a birnin Rum a 1650. Pareja bawa ne a gidan Velazquez, mai jinin Afirka, yana taimaka masa a ɗakin aiki. Masu tarihi na da sun ce Velazquez ya zana shi ne don ya sassauta hannu kafin ya zana Paparoma. A ƙarshen shekarar ya sa hannu a takardar ƴanta shi, bisa sharaɗin ƙarin shekara huɗu na hidima, daga baya Pareja ya zama mai zane da sunan kansa. A 1970 aka sayar da hoton a Landan kan kuɗin da ya haura fam miliyan biyu, abin da ba a taɓa biya ba a gwanjon zane kafin lokacin, yanzu yana gidan tarihi na Metropolitan a Niyok. Tun 2017 wannan gida ya saki hotunan tsofaffin kayansa a intanet kyauta, kana iya sauke shi tarwai ba ko dala. Dalilin da ya sa na fifita shi bai shafi kuɗin ba. Launukansa kaɗan ne: toka-toka mai ɗan kore a baya, tufa mai duhu, farin wuyan riga, sai fuska mai ruwan jan ƙarfe. Idan ka matsa kusa da farin wuyan rigar za ka ga ba a zana zare ko ɗaya ba, shafe-shafen fari ne kawai da aka jefa da sauri. Ka ja da baya taku uku sai ka ga leshi. Ka dubi kunnen, ɗan jan tabo ne. Ka dubi yadda gefen gashin ya narke cikin bango ba layi. Mutum zai shekara a gaban wannan hoto bai gama kwasar darasi ba.

Na biyu na kusa da zuciyarmu ne, hoton Ayuba Sulaiman Jallo, Bafulatani ɗan malamai daga ƙasar Bundu, cikin Senigal ta yau. Mahaifinsa ya aike shi bakin kogin Gambiya ya sayar da bayi ya sayo takarda, shi ma aka kama shi a hanya aka sayar, aka kai shi gonar taba a Amurka. Wasiƙar da ya rubuta da Larabci ce ta zama sanadin fansarsa. A 1733 yana Landan, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka, William Hoare ya zana shi da farar riga da rawani, da littafi cikin jar gafaka rataye a wuya. Wanda ya rubuta labarinsa a lokacin ya ce Ayuba bai so a zana shi ba da farko, da ya yarda kuma sai ya dage a zana shi cikin tufafin ƙasarsu, ba na Turawa ba. Hukumar gidajen tarihi ta Katar ta sayi hoton a 2009, an kuma daɗe ana nuna shi a gidan hotunan fitattun mutane na Landan. Gaskiya Hoare bai kama ƙafar Velazquez ba, hannunsa ya fi taka-tsantsan, amma ga mai koyo wannan ba aibi ba ne: komai a fili yake, kuma za ka koyi abin da zai yi maka amfani duk rayuwarka a ƙasar da manya ke sa fararen kaya, wato yadda ake zana farar riga kusa da baƙar fata ba tare da ɗaya ta kashe ɗaya ba. Idan ka ƙware a waɗannan biyu, ka nemi hoton mazaje biyu ƴan Afirka da Rembrandt ya zana a 1661, wanda ke birnin Heg na Holan. Kada ka fara da shi, zurfinsa ya fi ƙarfin sabon hannu.

Duk wanda ka zaɓa, ka kai shi wurin masu wanke hoto a Tasawa ko Maraɗi a buga maka shi a takarda, babba gwargwadon aljihunka, guda biyu: ɗaya mai launi, ɗaya baƙi da fari. Gilashin waya haske yake fitarwa, fenti kuwa haske yake karɓa, don haka launin da ka gani a waya ba za ka taɓa cim masa a yadi ba. Ga shi kuma yatsa ba ya haƙuri, sai ya buɗa hoton ka ɓace cikin gashin ido tun ba ka san girman kan ba.

Fentin mai na masu zane, wanda ke zuwa cikin ƴan bututu, galibi sai an yi saƙo Kano ko Yamai, kuma da tsada. Kada ka sayi akwati mai launi ashirin. Fari, baƙi, rawayar ƙasa, jar ƙasa da ruwan ƙasa mai duhu sun ishe ka hotunan nan biyu. Anders Zorn, ɗan ƙasar Suwidin da ya zana shugabannin Amurka uku, ya yi suna da aiki da launi huɗu kacal. Rawaya da jar da na ambata kuwa ƙasa ce mai tsatsar ƙarfe, ƴar'uwar jangargarin da kake takawa; kafin a ƙirƙiro bututun fenti a 1841, yaran gidan mai zane su ke niƙa irin wannan ƙasa su kwaɓa da mai. Kai ma kana iya jiƙa jar ƙasa, ka tace, ka shanya, ka niƙa ta lilis a kan gilashi. Amma man da za ka kwaɓa da shi ba kowane ba ne, kuma a nan ƴan ƙasar gyaɗa ke faɗawa rami. Man gyaɗa ba ya bushewa, haka manja, man riɗi ma bai dace ba. Za ka wata uku hoton na danƙo yana kama ƙura da ƙudaje. Man linsid ake amfani da shi, wanda ake tatsa daga irin shukar da ake saƙa yadin lilin da zarenta. Shi wannan mai iskar da muke shaƙa yake sha a hankali har ya daskare ya zama fata. Wannan shan iska yana fitar da zafi, shi ya sa tsummokaran da suka jiƙe da shi, idan aka dunƙule su wuri ɗaya, suna iya kamawa da wuta da kansu. A gidan da ke da zana da rufin ciyawa, cikin zafin bazara, wannan ba abin wasa ba ne. Ka shanya su a buɗe ko ka tsoma su a ruwa. Kananzir na wanke burushi ne kawai, kuma a waje, ba cikin rufaffen ɗaki ba.

Idan duk wannan ya gagara, fentin gwangwani na ƙofa da taga ma mai ne, da shi masu rubutun allo ke yin abin mamaki. Yana saurin kamewa, yana ƙyalli fiye da kima, ba ya ba ka lokacin gyara, amma ya fi zaman jira. Abin shafawa kuwa, akoko da aka ɗaure a kan firam, ko falankin katako mai laushi. Kada ka sa fentin mai kai tsaye a kan yadi, man zai ci zaren ya ruɓar da shi. Ka fara shafa farin fentin bango na ruwa haɗe da ɗan gam ɗin kafinta, sau biyu ko uku, kowane ya bushe. Ka nisanta shi da ƙasa saboda gara.

Sai aikin kansa. Makonnin farko kada ka buɗe fenti. Ka samu gawayi da takardar buhun siminti, ka yi ta zana kan daga hoton baƙi da fari. Kana iya ja wa hoton layuka gida-gida ka ja irinsu a takardarka, don ka ga inda ido ya faɗa da inda haɓa ta tsaya. Wannan dabara tsohuwa ce, gwanaye sun yi ta, sai dai ka yi ta sau biyu ko uku ka yar, ka koma awo da ido da tsinke a miƙaƙƙen hannu. Wanda ya dogara da layukan, ranar da mutum mai rai ya zauna gabansa zai rasa inda zai ja su. A nan za ka gano abubuwan da hankalinka ya daɗe yana yi maka gardama a kansu, kamar cewa idanu a tsakiyar kai suke, ba can sama ba.

Da ka koma yadi, ka fara kashe farinsa da ruwan ƙasa tsararo, ka goge da tsumma. A kan fari fat kowane launi duhu yake yi wa ido, sai ka yi ta ƙara fari har fuskar ta koma ta mai kwanciya asibiti. Daga nan ka zana kan da launi ɗaya, ruwan ƙasa mai duhu, ka raba shi gida biyu kawai: inda haske ya faɗa da inda bai faɗa ba. Ka kanne idanu ka dubi hoton malaminka har ƙananan abubuwa su ɓace, abin da ya rage shi za ka zana. Idan a wannan mataki ɗan'uwanka bai gane mutumin daga bakin ƙofa ba, launi ba zai cece ka ba, ka goge ka sake. Ka bari ya bushe, sannan launi ya hau, kuma ƙa'idar da ba a karyawa ita ce shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai. Idan ka juya, na sama zai riga na ƙasa bushewa, hoton ya tsattsage bayan ƴan shekaru. Ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido da kan hanci shi ne ƙarshe, komai ƙaiƙayin da hannunka ke yi.

Abu biyu nake so ka zura wa ido musamman. Na ɗaya, ba a zana baƙar fata da baƙin fenti. Ka dubi goshin Pareja da kyau: akwai ja, akwai rawaya, akwai toka mai sanyi inda hasken ɗaki ya sauka. Ka fita tsakar gida ka dubi goshin ƙanenka da hantsi, za ka ga shuɗin sama kwance a kansa, kuncinsa kuma na ɗauke da jan da rairayi ya maido. Wanda ya haɗa baƙi da fari ya ce ya samu fatar Bahaushe, toka ya samu. Na biyu, babu layi a fuskar mutum. Biro ya saba maka da kewaye hanci da leɓe da zare baƙi, amma a hoton gwani hanci ya fito ne don gefensa ɗaya ya fi ɗaya haske, wani wuri iyakar da kaifi, wani wuri ta narke. Duk lokacin da ka ga naka ya bambanta da nasa, kada ka tsaya ga gyarawa, ka tambayi kanka me ya sa ya yi haka. Wanda ya kwafa tabo bayan tabo bai yi wannan tambaya ba, zai fito da hoto mai kyau ya kuma fito bai koyi komai ba. Ka riƙa ja da baya, ka riƙa duba aikin a madubi ko ka kifa shi tare da na asali. Karkataccen ido da ka kwana uku ba ka gani ba nan take zai bayyana.

Littattafan Turawa za su ce ka yi aiki kusa da tagar da ke duban arewa, don rana ba ta shiga ta nan. Wannan a ƙasarsu ne. A wajenmu, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina rana ta arewa take ratsawa. Ka samu zaure ko rumfa mai inuwa, ka riƙa zama a lokaci ɗaya kowace rana. Babban abokin gabanka hunturu ne: lokacin ne ka huta da gona kake da sarari, lokacin ne kuma ƙura ke neman ɗanyen fenti. Ka jingina hoton fuskarsa na duban bango, ka yafa masa tsohon zane ta yadda ba zai taɓa shi ba. Man ƙyalli na ƙarshe kuma sai bayan wata shida aƙalla.

Idan ka gama, ka rubuta a bayan yadin cewa kwafi ne na aikin wane, da sunanka da shekara. A Louvre ba a yarda mai kwafa ya yi nasa daidai girman na asali ba, kuma ba ya kwafar sa hannun gwanin. Akwai wani ɗan Holan, Han van Meegeren, da ya yi ta zana hotuna yana sayarwa da sunan Vermeer, har ya sayar wa Goering na gwamnatin Hitila. A 1947 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Ba na tsammanin wani zai ɗauki naka a matsayin na Velazquez, amma ƙaramar ƙarya ta fi kusa da kai: ka ɗora a Facebook a yi ta sa maka albarka, ka yi shiru ba ka ce na wani ka bi ba.

Kuma kada ka tsufa a nan. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suna cewa ba za su ƙare rayuwarsu suna zane kamar Turawan da ke koyar da su ba. Za su riƙe dabarar da suka koya su haɗa ta da abin da suka gada a gida. Sun iya faɗin haka ne don sun riga sun iya dabarar. Kwafi biyu ko uku da aka yi da natsuwa sun isa ka fara zaunar da mutum mai rai gabanka, kana komawa wurin malaminka duk lokacin da wani abu ya cije. Masu ba ka aiki za su ce ka haska su, ka rage musu shekaru, kamar yadda waya ke yi musu. Wannan tsakaninka da su ne, kowa na neman abin cefane, kuma ban ce ka bar gona ko makaranta don zane ba. Amma ka ware aikin da ba na kuɗi ba, wanda za ka faɗi gaskiya a cikinsa.

A garuruwanmu akwai tsofaffi masu tsagar gado a fuska, ta Gobirawa, ta Katsinawa, ta Tazarawa, wadda yanzu ba a cika yi wa jarirai ba. Fuskokin nan suna ƙarewa, kuma yawancinsu ba su da hoto sai ɗan ƙaramin da ke jikin katin shaida. Ka nemi izinin kakanka ko kakarka, ka zaunar da su inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya, kada ka wuce rabin sa'a ba ka bar su sun huta ba. In ka gama, ka kai aikin wurin tsofaffin masu rubutun allo na Tasawa ko Maraɗi su duba maka, ka saurari abin da za su ce ko da bai yi maka daɗi ba. Allah ya yi wa hannuwanku albarka.